Yadda za ka nemo inji mara nauyi na ƙaramin jirgin sama

Jama'a masu ƙera ƙaramin jirgi a gareji, musamman 'yan uwanmu na Birnin Kebbi da Jega, don Allah ku bar batun injin janareta ko na babur, nauyi ya yi yawa kuma ba a yi shi don juya farfela awa da awanni ba.

Fara auna jirginka tukuna, kai da mai da komai, sannan ka san ƙarfin injin da kake buƙata, wato doki nawa. In mutum ɗaya ne zai tashi da laima, inji goye a bayansa, Vittorazi Moster 185 na Italiya ya isa, doki 25, kilo 14 kacal. In kujera biyu ne to Rotax na Ostiriya, 582 doki 65 amma duk awa 300 sai an buɗe shi, ni dai 912 na fi yarda da shi, doki 80, yana kai awa 2000, sai dai tsada kam wallahi ba a magana.

Kada ka manta zafin nan namu na Afrilu, iska takan yi sirara, inji ya rasa ƙarfi, don haka ɗauki mai doki fiye da lissafinka. Ga ƙurar hunturu, matatar iska kullum a duba.

In tokumbo ne, ba littafin da ke nuna awannin da injin ya yi aiki, ba ciniki. In Rotax ne, duba fulogi bibbiyu kowace silinda. Man bumburutu kuwa, a'a. Kafin ka tashi, je NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ka yi takardu.