Yadda Ake Ciro Darasi Daga Labarin Ban Mamaki Ba Tare Da An Murɗe Gaskiya Ba

Duk mai ba da labarin abin da ya faru domin a ɗauki darasi, malami ne a aji ko uba ne a gaban 'ya'yansa, akwai jarrabar da ke jiransa, wato ya riga ya ƙudurta darasin a ransa sannan ya sassaƙa labarin har ya dace da shi. Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara tabbatar da abin da ya faru, a bar darasin ya zo daga baya.

Abu na farko shi ne ka binciki wanda ya fara ba da labarin da lokacin da ya ba da shi. Labarin hajjin Mansa Musa na Mali a 1324, da yadda zinariyar da ya rarraba ta karya darajarta a Alƙahira, yana da tushe mai ƙarfi, domin masani al-Umari ya zo birnin bayan shekara goma sha biyu, ya kuma ji daga bakin waɗanda suka ga sarkin da idonsu. Amma adadin dalolin da ake liƙa wa dukiyarsa a intanet ƙiyasin mutanen zamani ne. Ka ba da na farko da ƙarfin gwiwa, ka ajiye na biyu.

Bayan haka sai ka nemi abin da aka yanke daga labarin domin ya yi daɗin ji. An saba cewa Alexander Fleming ya dawo daga hutu a 1928 ya tarar da fumfuna ta kashe ƙwayoyin cuta a farantin gwajinsa a Landan, shi ke nan aka sami fenisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wanda ya tsaya nan zai ce darasin shi ne sa'a. Sai dai Fleming bai iya tace sinadarin ya zama magani ba, sai da Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Oxford suka ɗauki aikin bayan fiye da shekara goma, kuma ɗan sandan da suka gwada wa maganin a 1941 ya fara samun sauƙi, sannan ya rasu saboda ɗan abin da suka tace ya ƙare. Su ukun aka ba kyautar Nobel a 1945. Da an mayar da wannan ɓangare, sai labarin ya koma na haƙuri da aikin gayya.

Mataki mafi muhimmanci a ganina shi ne gano daidai lokacin da wani ya sami damar zaɓi. Jirgin ruwan yaƙin ƙasar Suwidin mai suna Vasa ya tashi daga tashar Sitokholm ranar 10 ga Agusta 1628 ɗauke da igwa 64, bai wuce tafiyar mita 1,300 ba iska ta karkatar da shi, ruwa ya kwarara ta tagogin igwa da aka bari a buɗe, ya nutse a gaban jama'ar da suka zo kallo, mutum kusan 30 suka mutu. Nutsewar ce ke jan hankali, amma ba a nan zuciyar labarin take ba. Kafin ranar tafiya an sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefen jirgin zuwa wancan domin a gwada tsayuwarsa, kuma bayan zagaye uku kacal aka tsayar da su, don jirgin ya soma tangaɗi har ana tsoron ya kife yana ɗaure a tasha. Manyan da ke wurin sun gani. Sarki Gustavus Adolphus yana fagen yaƙi a ƙetare yana matsa lamba a turo jirgin, aka kuwa turo shi. Da aka yi bincike daga baya ba a hukunta kowa ba, jirgin kuma ya kwanta a ƙarƙashin ruwa shekara 333 kafin a ciro shi a 1961. A kan wannan gwaji ya kamata ka daɗe idan kana ba da labarin, ka sa mai sauraro ya ji ƙarar ƙafafun mutanen a kan katako da shirun da ya biyo baya.

Labaran yau da kullum ma haka ake bi da su, sai dai a ƙara abu biyu. Ka sakaya sunan wanda abin ya faru da shi idan ba ka nemi izininsa ba, kuma ka auna shi da abin da ya sani a lokacin, domin kai ka riga ka san ƙarshen labarin, shi kuwa bai sani ba.

Idan ka zo bayarwa, kada ka yi gaggawar faɗin darasin da bakinka. Ka kai masu sauraro wurin zaɓin, ka dakata, ka tambaye su abin da za su yi da a ce su ne ke tsaye a kan Vasa lokacin da aka tsayar da masu gudu, alhali wasiƙar sarki tana hannunsu. Ka saurari amsoshinsu tukuna, sannan ka gaya musu abin da ya faru ranar 10 ga Agusta.