Kurakuran da ke sa sabon mai karatu ya goge manhajar labarai, da yadda ake gyara su

Wanda ya sauke manhajar labarai yau, labari ya ji an yi yana so ya karanta. In ya buɗe ya tarar da labarin a gabansa, gobe ma zai dawo. In kuwa aka tare shi a ƙofa da tambayoyi, sai ya koma inda ya saba. Yawancin kurakuran masu haɗa irin wannan manhaja daga nan suke tasowa: neman abu a hannun baƙo tun ba a ba shi komai ba, alhali shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Na farko shi ne tilasta rajista. Mutum bai ga ko kanun labari ɗaya ba, an ce ya kawo imel, ya ƙirƙiri kalmar sirri, ya jira lambar tabbatarwa. A kowane mataki wasu na zubewa. Gyaran shi ne manhaja ta buɗe kai tsaye a kan manyan labarai, a jinkirta maganar asusu har sai mai karatu ya nemi abin da ba ya yiwuwa sai da shi, kamar ajiye labari don ya same shi a waya da kwamfuta. Ƙa'idojin App Store ma haka suka ce: manhajar da aikinta bai rataya a kan asusu ba, ta bar mutane su shiga haka nan. Kuma tun 30 ga Yunin 2022 Apple ya wajabta cewa duk manhajar da ake buɗe asusu a cikinta, a iya goge shi daga cikinta.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne jera wa baƙo fannoni 40 a ce ya zaɓa. Shida zuwa takwas sun isa, da maɓallin tsallakewa a fili. Wanda ya tsallake kada ya faɗa kan shafi fayau. Manhajojin RSS, wato masu tattaro wa mutum labarai daga shafukan da ya zaɓa da kansa, sun fi kowa wannan laifi, domin sukan ɗauka kowa ya zo da jerin majiyoyinsa. Lokacin da Google ya rufe manhajarsa ta RSS mai suna Google Reader a ranar 1 ga Yulin 2013, tsofaffin hannu sun kwashe majiyoyinsu cikin fayil ɗin OPML, wanda ke ɗaukar jerin majiyoyi daga wata manhaja zuwa wata, suka koma manhajoji irin su Feedly, saboda haka a bar wannan ƙofa a buɗe. Amma sabon shiga bai san OPML ba, a tanadar masa majiyoyi kaɗan masu inganci tun daga farko.

Maganar sanarwa ita ce ta fi buƙatar natsuwa, don a nan ake asarar da ke da wuyar mayarwa. A iPhone sau ɗaya tak manhaja ke iya fito da tambayar neman izinin aika sanarwa. Mutum na cewa a'a, shi ke nan, sai dai in shi da kansa ya shiga saituna ya sauya, kuma ba kowa ke yin haka ba. Android ma, daga siga ta 13 da ta fito a 2022, sai an nemi izini. To wanda aka tambaya a daƙiƙar farko, bai san manhajar ba bai san me za ta riƙa turo masa ba, me zai sa ya yarda? A bari ya karanta labari biyu ko uku tukuna. Sannan a nuna masa shafin manhajar kanta mai bayyana abin da za a aiko da yawansa, misali labarin gaggawa kawai, ko taƙaitawa ɗaya da safe. Sai ya amince a nan kafin a fito da tambayar neman izini ta waya. In ya ƙi a shafin manhajar, dama tana nan, ana iya sake tuntuɓarsa bayan kwanaki.

Bayan an sami izinin kuma sai a lalata shi da yawan turawa. Sakamakon wasa, tsegumin taurari, komai an lakaba masa "da ɗumi-ɗumi", har kalmar ta rasa nauyi. Tun Android 8 a 2017 ana iya raba sanarwa gida-gida, mutum ya kashe na wasanni ya bar na gaggawa. Manhajar da ta cusa komai a gida ɗaya ta bar masa zaɓi ɗaya ne, ya kashe duka. A kiyaye lokacin barci bisa agogon wayar mai karatu, ba agogon sabar (kwamfutar da ke aiko da sanarwar) ba. Kuma in ya taɓa sanarwa, ta kai shi kan labarin da ta ambata, kada ta jefa shi shafin farko ya shiga lalube.

Sai nauyi. A ma'aunin Google, manhajar da ta kai daƙiƙa 5 kafin ta tashi daga rufe ta yi jinkiri fiye da kima, kuma haƙurin mai karatu bai kai nan ba. Sababin yawanci ɗaya ne: manhaja na jiran hotuna da tallace-tallace su gama sauka kafin ta nuna komai. A fara nuna kanun da aka ajiye daga buɗewar baya, sababbi su shigo a hankali, rubutu kafin hoto. A rage girman hoto daidai da faɗin allo, a yi amfani da tsarin hoto mara nauyi na WebP, a kuma keɓe masa gurbinsa tun kafin ya sauka, don kada rubutu ya yi tsalle mutum na tsakiyar jimla. A ajiye rubutun labarai 20 zuwa 30 a waya saboda lokacin da intanet ya yanke. Gwaji kuwa a yi shi a ƙaramar waya mai ƙarancin ƙwaƙwalwa da sabis mai rauni, domin wayar injiniya tana ɓoye aibi.

Ido ma yana da haƙƙi. Rubutun labari kada ya gaza ma'auni 16, ya kuma bi girman da mai waya ya saita. Bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, kamar yadda ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa amfani da shafukan intanet ga masu buƙata ta musamman ta tanada. Toka-toka a kan fari yana burge mai zane amma yana wahalar da mai karatu a rana. Girman maɓalli ya kai 48dp (ma'aunin girma a allo) a Android, maki 44 a iPhone. A duba ko salon rubutun yana ɗauke da haruffa irin ƙ, ɗ da ɓ, a kuma sa akwatin bincike ya kawo "ƙasa" ko da "kasa" aka rubuta.

Abin da ke rusa amana da sauri shi ne labari babu kwanan wata babu majiya, da talla mai shigar labari. Kowane kanu ya fito da sunan kafar da lokacin wallafa, talla kuma a rubuta masa "talla" baro-baro. Tun 2022 Google Play ya hana tallan da ke rufe allo ba zato mutum na cikin wani abu. Labari ɗaya daga kafofi goma a dunƙule shi wuri guda. Kada kuma taɓa labarin ƙwallo sau ɗaya ya sa shafi ya cika da ƙwallo. A jira ɗabi'a ta maimaitu cikin kwanaki, a bar manyan labaran ranar a sama ko mene ne zaɓin mutum.

Wajen auna nasara, a daina dogaro da adadin waɗanda suka sauke. A ƙirga nawa suka karanta labari har ƙarshe a zaman farko, nawa suka dawo washegari, nawa a rana ta 7 da ta 30, sannan a gano shafin da aka fi ficewa daga kansa a fara gyara daga can.