Darasi na Shida: Haɗa Kwamfutar Tebur da Hannunka

Kwamfutar tebur sassa ne daban-daban da ake haɗawa cikin akwati guda. Babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, shi ne gidan da kowa ke sauka. Firosesa ke yin lissafi. Ram na riƙe aikin da kake yi a yanzu, da zarar wuta ta ɗauke sai ya manta komai. Fayilolinka kuwa suna zaune a SSD, ma'ajiyar da ba ta mantuwa ko wuta ta ɗauke. Akwatin wuta yana rage wutar bango zuwa bolt 12 da 5 da 3.3. Kada ka taɓa buɗe shi, domin yana riƙe wuta ko bayan an cire shi daga soket.

Yawancin asara a wajen saye take faruwa. Kowace firosesa da irin gurbinta. Ta kamfanin Intel mai gurbin LGA 1700 ba ta zama a allon da aka yi wa firosesar kamfanin AMD mai gurbin AM5. Haka ram: DDR4 da DDR5 tsayinsu ɗaya, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, don haka ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Karanta kwalin allo kafin ka biya. Ga aikin ofis, ram gigabait 8 ya isa, 16 ya fi sauƙin numfashi.

Kayan aiki: sukurudireba mai baki kamar alamar +, da tebur mai tsabta. Taɓa ƙarfen akwati kafin ka taɓa kowane sashe, saboda wutar da ke taruwa a jikin mutum tana iya ƙona ƙananan sassa ba tare da ka ji komai ba.

Fara da firosesa tun allo yana waje. A kusurwarta akwai ɗan alwatika, a gurbin ma akwai. Daidaita su, ka ajiye ta a hankali, ka rufe maƙalli. Idan ba ta zauna da kanta ba, ɗaga ta ka sake dubawa. Dannawa tana lanƙwasa ƙananan allurai, kuma gyaransu da wuya. Ɗiga man sanyaya gwargwadon ƙwayar wake a tsakiyar saman firosesar, sannan ka ɗora fanka. Duba ƙasan fankar tukuna: sau da yawa akwai leda a manne, wadda in an bar ta zafi ba ya fita, kwamfuta ta riƙa mutuwa ana cikin aiki.

Ram kam yana son ƙarfi kaɗan. Danna gefe biyu har ka ji ƙas. In guda biyu ne a allo mai rami huɗu, galibi na biyu da na huɗu ake sa wa. Littafin allo zai tabbatar maka.

Ɗaura allo a kan 'yan ƙafafun ƙarfe na akwati don kada bayansa ya taɓa bango. Daga akwatin wuta, jona wa allo babbar waya mai baki 24, da mai baki 8 da ke kusa da firosesa. Mai baki 8 ɗin ce ake yawan mantawa.

Ka kunna, fanka na juyawa amma babu hoto? Kashe, cire ram, mayar da shi da kyau. In ka sa katin hoto, wato sashe na daban mai fitar da hoto zuwa allon kallo, a jikinsa za a jona wayar allon kallo.