Ga masu zaman jinya a asibiti

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana 9 na yi ina jinyar mahaifiyata a wani asibiti nan Gombe, abin da na gani ya sa na ce bari in yi magana.

Mutum kan kwanta da ciwo ɗaya, bayan kwana 2 ko 3 ya kwashi wani a can cikin ɗakin. Yawanci hannu ne ke yawo da ƙwayoyin cutar: ka taɓa ƙarfen gado, ka ɗauki fo, ka riƙe waya, sannan ka ɓare wa mara lafiya lemo. Don Allah a wanke hannu da sabulu, aƙalla daƙiƙa 20, kafin a taɓa shi da bayan an taɓa. Ruwan buta kaɗai ba ya wadatarwa.

Robar fitsari da wurin allurar ƙarin ruwa ƙofofin shigar cuta ne, kada a taɓa su. Jakar fitsari ta zauna ƙasa da mara, amma ba a kan daɓe ba. In wurin allura ya kumbura ko ya yi ja, a kira nas nan take.

Masu dubiya kuma, mu daina zama kan gadon mara lafiya, yara a bar su gida. Balle a lokacin rani, da zazzaɓin Lassa ke bi ta jini da fitsari.