Babi na Bakwai: Su Wa Ke Zama Wurin Tsara Dokokin Aiki?

Ku ɗauko littafin rubutu da fensir. Biro ku mayar da shi aljihu, don babin nan akwai gogewa da yawa. Wanda idonsa ba ya hango allo ya matso gaba, babu kunya a ciki.

Darasi na 1: Kujeru huɗu

Rubuta waɗannan haruffa uku manya: ILO. Na farko harafin I ne, kada a mai da shi lamba 1. Na ƙarshe harafin O ne, yana kama da sifiri amma ya fi shi faɗi. Wannan shi ne gajeren sunan Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da kuke ji a rediyo. An kafa ta a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Hedikwatarta tana birnin Jeniba a ƙasar Suwizalan, kuma ƙasashe 187 ne a cikinta. Najeriya ta shiga a 1960. Shugabanta tun 2022 shi ne Gilbert Houngbo, mutumin Togo, ɗan Afirka na farko da ya riƙe kujerar.

Duk shekara, a watan Yuni, ana babban taro. Kowace ƙasa tana tura wakilai huɗu. Zana kujeru huɗu a jere. Ko ba su yi kyau ba, ba gasar zane muke yi ba. Ƙarƙashin biyu na farko rubuta: gwamnati. Ƙarƙashin ta uku rubuta: ma'aikata. Ƙarƙashin ta huɗu rubuta: masu kamfani.

Kowane wakili ƙuri'arsa daban. Wakilin masu kamfani yana da ikon ya ce a'a ko da gwamnatin ƙasarsa ta ce e. Ɓangarorin nan uku kamar duwatsun murhu suke, in aka janye ɗaya tukunya ba ta zama.

Masu kamfani ba sa zuwa a warwatse. A duniya suna da ƙungiyar IOE, wadda aka kafa a 1920. A Najeriya suna da NECA, tun 1957. Ma'aikata kuma suna da NLC da TUC. Saboda haka, Alhaji mai gidan burodi, in wani ya ce maka dokar aiki Turawa ne suka zauna su kaɗai suka ƙaƙaba mana, ka nuna masa kujera ta huɗu. Ke kuma Hajiya mai ɗinki, taki kujerar ita ce wannan ta huɗun, tunda kina biyan yara albashi. Da yawa masu ƙananan sana'a kan rubuta sunansu ƙarƙashin ma'aikata. Tambayar ɗaya ce: kai kake biya, ko kai ake biya?

Darasi na 2: Shekara biyu, layi biyu

Nan ne ake tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali.

Abin da ake amincewa da shi a Jeniba sunansa yarjejeniya, kowace da lambarta. Ba ta wucewa sai kashi biyu cikin uku na ƙuri'u sun goyi baya. Kafin a kai ga ƙuri'a ana ja-in-ja a kwamiti kan kowace jimla, masu kamfani suna lissafin kuɗin da abin zai ci musu, ma'aikata suna lissafin guminsu. Ta farko, Lamba 1, ta 1919 ce, ita kam a birnin Washington aka amince da ita: awa 8 a yini, awa 48 a mako, a masana'antu.

To, an amince a Jeniba. Ta hau kan Najeriya ke nan? A'a. Sai Najeriya ta sa mata hannu da kanta. Mataki biyu ne, shekara biyu ce.

Ja layi daga sama zuwa ƙasa a tsakiyar shafi. Gefen hagu, wato hannun da ba ka cin tuwo da shi, rubuta: Jeniba. Gefen dama rubuta: Najeriya. Yanzu mu cike tare.

Lamba 182, ta hana sa yara munanan ayyuka. Hagu: 1999. Dama: 2002.

Dubi shafinka. Lambobin biyu iri ɗaya ne? In iri ɗaya ne, goge na dama. Ba laifi, kusan kowa haka yake farawa, domin hannu yana son maimaita abin da ya gama rubutawa. Hagu shekarar da aka amince a Jeniba. Dama shekarar da Najeriya ta sa hannu. Sake rubutawa: 1999, 2002.

Lamba 138, ta mafi ƙarancin shekarun fara aiki. Hagu: 1973. Dama: 2002. Ka ga tazarar? Shekara 29. Yaron da aka haifa a shekarar hagu ya yi aure ya haihu kafin shekarar dama ta zo. Ɗora yatsa a hagu ka faɗa da ƙarfi: an amince a Jeniba. Matsar da yatsa dama ka ce: Najeriya ta sa hannu. Madalla. Sake yi. Baba, da ƙarfi, ba a masallaci muke ba.

Lamba 190, ta hana cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. Hagu: 2019. Dama: 2022.

Lamba 87, ta 'yancin kafa ƙungiya. Hagu: 1948, sai dai taron wannan shekarar a birnin San Francisco na Amurka aka yi shi, ba a Jeniba ba. Dama: 1960. Wannan 'yanci na ma'aikata ne da masu kamfani baki ɗaya. A kanta ne aka yi rikici a 2012, lokacin da wakilan masu kamfani suka ce babu 'yancin yajin aiki a cikin rubutunta, ma'aikata suka ce akwai. Gardamar ta daɗe har a 2023 aka miƙa ta ga Kotun Duniya. Wanda yake zaton kujera ta huɗu ta ado ce, ga amsa.

Yanzu mai wuyar. Lamba 189, ta 'yan aikin gida. Hagu: 2011. Dama fa? Har zuwa rubuta wannan littafi Najeriya ba ta sa hannu ba. Ka bar gurbin wayam. Kada ka sa 2011. Kada ka sa sifiri. Kada ka leƙa na maƙwabcinka, shi ma kuskuren ya yi.

Haba jama'a! Duk ajin da aka koyar da wannan darasi sai an sami masu cike gurbin nan, wai shafi bai yi kyau da rami ba. Wanda ya cike gurbin da babu komai, shi ne gobe zai tsaya gaban mai gidansa yana cewa doka ta ce, a tambaye shi wace doka, ya yi shiru, a yi masa dariya. Kun bar kasuwa da gona da injin niƙa kun zo nan da yamma, bai kamata a tashi da rabin karatu ba. Goge. Hagu Jeniba, dama Najeriya. In dama babu shekara, ba a sa hannu ba.

Amfanin layin dama shi ne, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da ikon yin aiki da yarjejeniyar da Najeriya ta sa wa hannu. Duk sanda ka ji a rediyo an ce ILO ta amince da kaza, tambayarka ta farko: mun sa hannu?

Aikin gida: sake ja layin a sabon shafi, ka cike biyar ɗin ba tare da duba littafi ba.

Darasi na 3: Mafi ƙarancin albashi

A gida ma zaman ɓangare uku ake yi. A Janairun 2024 gwamnati ta kafa kwamiti mai mutum 37, ƙarƙashin Bukar Goni Aji. 'Yan ƙwadago sun fara da neman naira 615,000, suka sauko har 250,000. Gwamnati da masu kamfani suka tsaya a 62,000. A Yulin 2024 aka sa hannu kan 70,000. Kafin nan 30,000 ne, tun 2019.

Rubuta 70,000. Sifiri huɗu ne, ƙirga su. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ƙirga mutanen wurin aikinku kafin ka je da magana.

Darasi na 4: Takardar ɗaukar aiki

Dokar Ƙwadago ta ce mai gida ya ba ma'aikaci takarda kafin wata 3 ya cika da fara aiki. Nemi abu huɗu a ciki: sunanka, irin aikin, albashi, awoyin aiki. Kada ka dangwala yatsa sai an karanta maka, ko ka karanta da kanka.

Darasi na 5: Bita

Rubuta ILO, NECA, NLC, kowanne sau biyar. Wanda bai kawo aikin gida na Darasi na 2 ba ya kawo ranar Asabar.