Idan manhaja ta sauya fasali: yadda za ka koya wa makaho ya sake gano hanya da kansa

Duk mai koyar da makafi waya ko kwamfuta ya san wannan koken: "Malam, jiya na kwanta komai lafiya lau, yau na tashi na kasa gane kan WhatsApp ɗina." Wayar ƙalau take. Manhajar ce ta sabunta kanta cikin dare, abin da ke sama ya koma ƙasa. Mai gani kallo ɗaya zai yi ya ga inda aka mayar da kaya. Mai amfani da manhajar da ke karanta allo da murya kuwa, kamar TalkBack ta wayar Android ko NVDA ta kwamfuta, abu ɗaya yake ji a lokaci guda, sauran allon a kansa yake riƙe da shi, kuma wannan taswirar ce aka rusa.

Abin ba ya ƙarewa. A 2021 TalkBack da kanta ta haɗe jerin zaɓinta biyu suka zama ɗaya. A wannan shekarar Windows 11 ta fito da sabon tsari. A farkon 2024 Google ya cire sassauƙan shafin Gmail da makafi da yawa suka dogara da shi, a shekarar kuma WhatsApp na Android ya sauko da shafukan hira da kira daga sama zuwa ƙasan allo. Tunda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, masu tsofaffin kwamfutoci ma sauyin na tafe gare su.

Yawanci tushen matsalar a wajen koyarwa yake. An koya wa ɗalibi ƙirga: danna Tab sau bakwai, shafa dama sau huɗu, sai ka taɓa sau biyu. Ƙirga na da saurin shiga, shi ya sa malamai ke son ta, amma ranar da aka ƙara maɓalli ɗaya ta tashi aiki. Makahon da ya haddace taku nawa ne daga gida zuwa masallaci yakan rikice ranar da aka haƙa kwalbati a layin, wanda kuwa ya san masallacin na gabas da shagon mai shayi zai kewaya ya isa. Na biyun ake so ka fitar.

Fara da gano abin da ya sauya

Kada ka fara koyarwa sai ka san wanda ya sauya cikin huɗu: manhajar, ko mai karanta allon, ko tsarin wayar gaba ɗaya, ko saiti kawai. Gwajin ba shi da wuya. Ka sa ɗalibin ya buɗe wani wuri da ya saba, kamar saitin waya ko wajen kira. Idan komai daidai yake a can, laifin na manhaja ɗaya ne. Idan shafar yatsun ce ba ta yin abin da ta saba a ko'ina, TalkBack ce aka sabunta. Idan an kai wayar gyara kasuwar Farm Centre ko Beirut a Kano aka yi mata filashin, to muryar da saurin maganar da duk abin da ya saita sun koma na kamfani, sai an sake su kafin a yi maganar komai.

Wani abin da ke jawo gardama a aji: wayoyi biyu, manhaja ɗaya, lambar fitowa ɗaya, amma fasali daban. Kamfanoni kan saki sabon fasali kashi-kashi daga wajensu. Saboda haka idan ɗalibi ya ce maɓallin babu shi a tasa, ka yarda da shi, kuma a kan wayarsa za ka koyar, ba taka ba.

Zama da ɗalibi

Ɗalibin ya cire abin kunne ku ji tare, a rage saurin muryar zuwa inda kai ma kake kamawa. Malami mai gani zai iya kunna Speech Viewer a ƙarƙashin Tools na NVDA, duk abin da muryar ta faɗa zai fito a rubuce. Mafi amfani ma ya rufe allon baki ɗaya da maɓallin NVDA (Insert ko Caps Lock) da Control da Escape, don ya daina cewa "ga shi can a gefe", maganar da ba ta da ma'ana ga mai saurare.

Doka ɗaya ce ba a karyawa: kada ka karɓi wayar daga hannun ɗalibin. Idan ka karɓa ka yi masa a daƙiƙa goma, gobe ma kai zai nema. Tambaya za ka riƙa yi: me ka ji, kuma wane irin abu ne, maɓalli ne ko kanu ko wajen rubutu? Da yawa suna jin sunan abu su tsallake kalmar da ke biye da shi, alhali "button" da "tab" da "edit" da "collapsed" su ne ke faɗa masa abin da zai yi.

A kwamfuta

Maɓallin NVDA shi ne Insert ko Caps Lock. A sabon shafi, abu na farko sanin inda ake: NVDA da T ya faɗi sunan tagar, NVDA da Tab ya faɗi abin da ake kai. Daga nan a zaga shafin daga manya zuwa ƙanana. D na tsalle tsakanin manyan sassa, H kanu-kanu, B maɓallai, E wajen rubutu, T teburi. NVDA da F7 na tara mahaɗai ko kanu ko maɓallai a jeri ɗaya. A JAWS, wata manhajar karanta allon kwamfuta, R ce ke maimakon D, Insert da F6 ya kawo kanu, Insert da F7 ya kawo mahaɗai. Zagayen farko ba a danna komai, saurare ne kawai, sannan ɗalibin ya faɗa da bakinsa sassa nawa ya ji da wanda ya fi kama da inda aikinsa yake. Idan ya san sunan abin da ya ɓace, NVDA da Control da F ya nemo shi. Idan bai samu ba a gwada wata kalma, don sau da yawa suna aka sauya, kamar yadda Status ya koma Updates a WhatsApp.

Inda aka fi faɗuwa, kuma inda ya kamata ka ɓata lokaci, shi ne yanayi biyu na NVDA. A yanayin karatu, haruffa na NVDA ne, shi ya sa H ke kai ka kanu. A yanayin aiki, haruffa na wucewa kai tsaye zuwa shafin. Sababbin shafuka irin Gmail an gina su kamar manhaja, suna da nasu gajerun maɓallai. Ɗalibin da ya saba tsohon Gmail zai danna C don rubuta sabon saƙo a yanayin karatu, NVDA ta ɗauka wani abu yake nema, ya ce Gmail ta lalace. Maganin NVDA da Space. Kowane yanayi na da sautinsa, sai ka sa ya yi ta sauyawa har ya bambance su da kunne ba tare da tunani ba. Bayan nan a kunna gajerun maɓallai a saitin Gmail, kibiyar sama da ƙasa su bi saƙonni, Enter ya buɗe, alamar tambaya ta kawo jerin sauran. A JAWS, Insert da Z ke yin kwatankwacin wannan. Wanda ya gane wannan darasi guda ya tsallake rabin wahalar sababbin shafuka.

A Word da Outlook da ire-irensu, F6 na zagayawa tsakanin sassan taga, Alt ya kai ka saman jerin umarni, Alt da Q ya buɗe wajen da za ka rubuta sunan umarnin da kake nema ko ina aka kai shi. A Windows kanta, danna maɓallin Windows ka rubuta sunan abu ya fi bin jeri. Gajerun maɓallai irin Control da S ko F12 sun daɗe ba su motsa ba duk sauye-sauyen da aka yi tun Office 2007, don haka su za a fara haddacewa.

Idan taga ta yi shiru ko "button" kawai take cewa, NVDA da R zai karanto rubutun da ke jikin hoton allon, a bi da kibiya a danna Enter. Idan kuma NVDA ce ta fara abin mamaki bayan sabuntawa, a duba ƙananan manhajojin ƙari (add-ons) da aka ɗora mata, domin fitowarta ta farko a shekara takan dakatar da tsofaffi sai masu su sun gyara.

A waya

Yawancin ɗalibanmu a Kano Tecno da Infinix da itel ke hannunsu, kuma ba kowace ke karɓar shafar yatsu uku ba, musamman masu tsohon Android. Ka koyar da na yatsa ɗaya masu kusurwa, suna aiki ko'ina: ƙasa sannan dama ya buɗe jerin TalkBack, ƙasa sannan hagu ya koma baya, hagu sannan ƙasa ya buɗe neman kalma a allo.

Wanda ya saba shafa dama kaɗai shi ya fi shan wuya, don shafukan da aka saukar ƙasa sai ya wuce duk hirarrakinsa kafin ya kai gare su. A koya masa lalube: ya ɗora yatsa ya ja a hankali, gefen sama daga hagu zuwa dama, sannan gefen ƙasa, sannan kusurwar ƙasa ta dama inda ake yawan ajiye maɓallin sabon saƙo. Minti ɗaya ya isa ya san fasalin. Sai kuma sauya abin da ake tsalle a kai: shafa sama da ƙasa ba ɗagawa har ya ji kanu ko maɓallai, sannan shafa ƙasa ta riƙa kai shi ɗaya bayan ɗaya. Mai iPhone zai murɗa yatsu biyu a kan allo ya sami irin wannan a VoiceOver, mai karanta allon iPhone.

Buɗewar farko bayan sabuntawa takan zo da ƙaramar taga mai tallar sababbin abubuwa. Ita ke rufe komai ɗalibi ya zaci wayar ta sanƙare. A nemi "Got it" ko "Skip" ko a koma baya.

Maɓallin da aka ce "unlabelled" ana iya raɗa masa suna daga jerin TalkBack bayan an gano aikinsa. Ba kowane ke karɓa ba, kuma wata sabuntawar na iya share sunan, a faɗa wa ɗalibi tun wuri. A manhajar banki kuwa ba a gwada maɓalli mara suna da ka. Mai gani amintacce ya faɗi aikinsa sau ɗaya, a sa suna, a gwada tura naira 100 zuwa wani asusun ɗalibin ko na ɗan gida. Lambar sirri shi kaɗai zai saka, da abin kunne, malam ya juya baya. Ya kuma haddace lambar USSD ta bankinsa don ranar da manhajar ta ƙi.

Riƙe linzamin sabuntawa

A Play Store, ƙarƙashin saiti da Network preferences, a kashe sabuntawa da kanta. Ba don a daina ba, domin tsaro na buƙatarta kuma manhajar banki takan ƙi buɗewa sai an yi, sai dai don a zaɓi rana: ba daren jarrabawa ba, ba ranar biyan albashi ba, kuma manhaja ɗaya a lokaci guda, yadda za a san wadda ta kawo sauyi. Windows na bari a jinkirta har mako biyar, bayan babbar sabuntawa kuma akwai kwana goma na komawa ta baya a ƙarƙashin Recovery. Inda aka ba da zaɓin tsohon fasali, a yi amfani da shi wajen aikin gaggawa, a ware rabin awa kullum ana koyon sabon, don wata rana za a ɗauke zaɓin. Shafin intanet dai ba shi da linzami.

Bayan darasi, ɗalibi ya naɗi bayanin da muryarsa, da sunaye ba lambobi ba: "Calls na gefen ƙasa, ƙarshen dama." A kowane mako kuma a ba shi manhajar da bai taɓa buɗewa ba da aiki ɗaya, misali ya nemo lokacin sallar la'asar na Kano a sabuwar manhajar lokutan salla, kai kuma ka yi shiru minti goma cur. Wannan shirun ya fi wa malamai wuya fiye da ɗalibai.

Wani lokaci duk dabara ta ƙare, don masu manhajar ne suka gina ta ba yadda mai karanta allo zai isa wajen. A faɗa wa ɗalibi a fili cewa ba gazawarsa ba ce, a nemi wata ƙofa, shafin intanet maimakon manhaja ko waya maimakon kwamfuta, sannan a rubuta wa kamfanin. Saƙon ya ƙunshi sunan waya, lambar Android ko Windows, mai karanta allon da lambar fitowarsa, matakan da aka bi, abin da muryar ta faɗa da abin da ya kamata ta faɗa. Idan aji guda ne, kowa ya aika nasa daban daga wayarsa.