Makonnin farko a Jamus: rajista, wasiƙu da zama da maƙwabta

A Jamus kusan komai yana rataye ne a kan adireshi. Doka ta ba sabon shiga gida kwana 14 ya je ofishin gunduma, wanda ake kira Bürgeramt, ya yi rajistar inda yake zaune. Sunan wannan rajista Anmeldung. Za ka tafi da fasfo, da fom ɗin da ka cike, da wata takarda da mai gida zai sa wa hannu mai suna Wohnungsgeberbestätigung. Takardar yarjejeniyar haya kaɗai ba ta isa ba, kuma a nan ne ake yawan mayar da mutane gida. A manyan birane kamar Berlin samun ranar ganawa yana wuya, saboda haka ka nema ta intanet tun ranar da ka karɓi mabuɗi, ka adana shaidar ranar da aka ba ka. Tarar jinkiri tana iya kai wa Yuro 1,000.

A fom ɗin akwai gurbin addini. Wanda ya rubuta Katolika ko Furotesta za a riƙa cire masa harajin coci, kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajin albashinsa, gwargwadon jihar da yake. Musulmi ba ya biyan wannan.

Da ka dawo gida, ka liƙa sunan danginka a jikin akwatin wasiƙa daidai yadda yake a fasfo. Ma'aikacin gidan waya da suna yake aiki, in bai gan shi ba wasiƙar ta koma inda ta fito. Ta wannan akwatin lambar harajinka mai alƙalumma 11 za ta iso. In ba ka miƙa wa wurin aikinka ita ba, za a sa ka a rukunin haraji na 6, wanda ya fi kowanne cin albashi. Ta nan kuma takardar kuɗin rediyo da talabijin za ta zo: Yuro 18.36 a wata a kan kowane gida, ko da babu talabijin a ciki. In kuna zaune ku da yawa a gida ɗaya, mutum ɗaya ne zai biya, sauran su aika da lambarsa.

Kada ka ajiye wasiƙa don ba ka jin Jamusanci. Ka buɗe ta a ranar, ka nemi kalmar Frist, wato wa'adi, ka ga kwanan watan da ke kusa da ita. Ambulan mai launin rawaya ya fi kowanne nauyi, domin yawanci daga kotu ko hukuma yake, kuma daga ranar da aka rubuta a jikinsa ake fara ƙirga wa'adi. In takardar neman bashi ce daga kotu, mako 2 kake da shi ka ƙi amincewa. Shiru a wurinsu amincewa ce. Ambulan ɗin ma kada ka yar.

Kuɗin ajiya da mai gida zai karɓa ba zai wuce hayar wata 3 ba, ban da kuɗin ɗumama gida da ruwa, kuma kana da damar biya kashi uku. Ranar shiga ka ɗauki hoton duk wani tabo da tsagewa, da lambobin mitar wuta.

Abin da ya fi cinye wa baƙi wannan kuɗin ajiya shi ne baƙin fumfuna a bango. Gidajen a toshe suke sosai don riƙe ɗumi, tururin girki da wanka da shanyar kaya ba ya samun hanyar fita, sai ya kwanta a kusurwa mai sanyi. Maganinsa shi ne ka buɗe taga warwar na minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a rana, har a tsakiyar hunturu. Barin taga a karkace yini guda ba ya fitar da danshin yadda ya kamata, sai dai ya sanyaya bangon ya ƙara ɓarna. Ka kuma janye kabad kaɗan daga bangon da ke kallon waje.

Rigima da maƙwabta ba ta cika wuce abu biyu ba: ƙara da shara. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, haka ma ranar Lahadi gaba ɗaya. Ba a huda bango, ba a ƙure kiɗa, hira da ƙarfi a waya a baranda ma tana jawo takardar koke. Lahadi kantuna a rufe suke, sai na manyan tashoshin jirgin ƙasa da gidajen mai. Shara kuwa rarraba ta ake yi: takarda a shuɗiyar bola, ledoji da gwangwanin abinci a rawaya, ragowar abinci a mai ruwan ƙasa, sauran a baƙa. Robar ruwa da gwangwanin lemo masu alamar Pfand kuɗi ne, ka mayar da su injin kanti ka karɓi santi 25 a kan kowanne.

In maƙwabci ya faɗa maka kai tsaye cewa ka yi ba daidai ba, kada ka ɗauke shi cin fuska. Haka suke magana da junansu. Ka kira babba ko baƙo da Sie, wato 'ku' na girmamawa, har sai shi da kansa ya ce ku koma du, wato 'kai' ko 'ke' na sabo, kuma in an ce ƙarfe 3, to ka isa saura minti biyar.

A birane da dama tikitin takarda na jirgin ƙasa ko bas ba ya aiki sai ka buga masa hatimi a ƙaramin injin da ke dandamali ko cikin motar. Wanda aka kama da tikiti marar hatimi zai biya Yuro 60, kamar wanda bai saya ba. Rashin lafiyar da ba ta gaggawa ba cikin dare ko ƙarshen mako a kira 116117. Gobara da motar asibiti 112, 'yan sanda 110.